Gaisuwar Mutuwa a Bayan Gumel, da Tukunyar da Ba Ta Dafa Tuwo

Ranar wata Alhamis da daddare saƙo ya shigo zaurenmu na tsofaffin ɗalibai a WhatsApp cewa mahaifin Dakta ya rasu, har an kai shi makwancinsa tun da la'asar. Dakta abokina ne tun muna makarantar kwana, gadonmu ɗaya, shi a sama ni a ƙasa. Daga baya kowa ya kama gabansa. Shi ya wuce Zariya ya karanta kimiyya, daga can ya tsallaka Turai, ni kuwa na faɗa kasuwa, ina sayar da kayan sola a Kano. Bai samu jana'iza ba, amma aka ce zai iso kafin sadakar bakwai. Na ce wa mai ɗakina ta haɗa mini kaya kala biyu da bargo, don hunturu ya kankama. Na ɗauko ƙaramin faranti ɗaya na sola daga shago, da batir da ƙwan fitila biyu, don kada in je gidan mutuwa hannu na dukan cinya.

Laraba da ƙarfe bakwai ina tashar 'Yankaba. Kuɗin mota zuwa Gumel naira 4,500, ɗan kamasho ya ce kayana kuma 1,000, muka yi ta ja-in-ja har muka tsaya a 500. Da na leƙa motar na ga saura mutum ɗaya, na yi murna. Ashe uku daga cikin waɗanda ke zaune na ado ne, da fasinja ya zo sai ɗaya ya sulale kamar zai je fitsari. Ba mu tashi ba sai wajen tara saura.

Daga Gezawa zuwa Ringim ba abin faɗa, ƙura ce da gyangyaɗi, sai manyan motocin shanu da ke wuce mu fanko, suna sammakon kasuwar Maigatari ta ranar Alhamis. A Majiya ne motar ta yi tsit. Nan ne tankar mai ta faɗi cikin dare a watan Oktoban 2024, jama'a suka fito kwasar fetur, wuta ta tashi, sama da mutum 150 suka rasu. Wata dattijuwa da ke bayana ta yi ta salati har muka fita garin, direba ma ya kashe rediyo ba wanda ya sa shi.

Can gaba aka tsayar da mu a wani shinge. Jami'in ya buɗe but, ya ga farantin sola, ya ce ina rasit. Na ce ai ni ne mai shagon. Ya ce shi bai san wannan ba, rasit yake nema. Allah ya taimake ni littafin rasit ɗin shago yana cikin jakata, sai na ɗora shi a kan murfin mota, na rubuta cewa na sayar wa kaina faranti ɗaya da batir ɗaya, na sa hannu wajen mai saye, na sa wajen mai sayarwa. Ya karɓa ya duba sama da ƙasa, ya ce to yanzu ka yi magana. Har muka kai Gujungu fasinjoji suna dariya.

A Gumel na yi azahar, na ci shinkafa da wake da mai da yaji na naira 1,000, sannan na nemi ɗan acaɓa. Naira 2,500 ya ce, saboda yashi da kaya, kuma bai yi ƙarya ba. Minti goma da barin kwalta hanya ta zama rairayi zalla. Sau biyu muna sauka mu tura, sau ɗaya kuwa babur ɗin ya kwanta da mu a hankali kamar raƙumi zai durƙusa, ni kuma na ɗaga farantin sama da hannu biyu, na bar haƙarƙarina ya ji da kansa. An gama girbi, gonaki sun zama fili sai kututturen gero. Mata na zaune gindin bishiya suna ɓarar zoɓo, yatsunsu jawur. Gawo kaɗai ke da ganye shar, shi da ba ya yin ado sai kowa ya tuɓe.

Na tarar da masu zaman makoki a rumfar kara a ƙofar gida. Na durƙusa na gaida dattawa, ya haƙuri, Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta, in tamu ta zo ya sa mu cika da imani. Sai da na kai ƙarshen tabarma na gane Dakta. Ya rame, leɓensa duk ya tsage, hular da ke kansa ta aro ce, ta sauko masa har kunne. Ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba.

Kafin magariba na hau katanga na ɗaure farantin, na ja waya zuwa zaure da tsakar gida. Batir ɗin da cajinsa na zo da shi, don haka ana idar da salla na kunna. Yara suka yi ta shewa. Garin akwai turakun wuta, har da wayoyi, amma an ce rabon da a ga haske a cikinsu an manta. Mai cajin waya ɗaya ne, shi ma da sola.

Hasken nan ne ya jawo hirar. Bayan mun ci tuwon gero da miyar kuka, ƙanin marigayin, wanda kowa ke kira Kawu, ya dubi ƙwan, ya dubi Dakta, ya ce, "To ga abokinka ya zo da wuta a bayan babur. Kai kuma shekara nawa kana can, an ce aikin wuta kake yi, wasu kuma sun ce bam kuke haɗawa. Wanne ne gaskiya?"

Dakta ya yi murmushi, karo na farko tun isowata. Ya ce, "Kawu, ba bam ba ne. Tukunya ce." Ya ce a tashar nukiliya, ƙarfen yuraniyom ne ke ɗaukar zafi da kansa yayin da ƙwayoyin zarrarsa ke tsagewa, zafin ya tafasa ruwa, tururi ya juya inji, wuta ta samu. Yawancin tukwanen duniya ruwa ne ke kwaso musu zafin, kuma ba ya wuce digiri 300 da 'yan kai. Irin da shi yake aiki a kai kuwa iskar hiliyam ce ke ratsa ta, ta fito da zafin digiri 750. Ta Japan da ke Oarai ta taɓa kai 950 a shekarar 2004. Kawu ya ce shi wannan digirin bai san shi ba. Dakta ya ce, "Zafin da ƙarfe ke yin ja a maƙera." Kawu ya ce yanzu ya ji Hausa.

Sai ya aiki wani yaro cikin gida, ya ce a ba shi dunƙulen fura ɗaya da ɗan irin alayyafo. Ya zuba irin a tafin hannunsa ƙarƙashin ƙwan, baƙaƙe ƙanana suna ƙyalli. Ya ce makamashin tukunyar kamar haka yake, kowace ƙwaya ba ta cika milimita ɗaya ba. A tsakiya ɗigon yuraniyom ne, sannan an sa masa riga huɗu. Ta farko gawayi ne mai laushi kamar soso, don ta shanye iskar da ke fita in yuraniyom ya tsage. Ta biyu gawayi mai tauri. Ta uku silikon kabayid, wato dangin abin da ake yin dutsen wasa wuƙa da shi, kaurinta bai kai silin gashi ba, amma ita ce ganuwar. Ta huɗu gawayi kuma. TRISO ake kiran ƙwayar. Ya danna 'yan ƙwayoyi cikin furar, ya ɗaga ta, ya ce a ƙasar Sin haka suke yi, su cuɗa ƙwaya kusan 12,000 da girafait, baƙin abin nan na cikin fensir, su dunƙula ƙwallo mai faɗin santimita shida. Irin wannan ƙwallo kusan 420,000 ake zubawa a tukunya ɗaya.

Kawu ya karɓi furar ya jujjuya ta. Ya ce, "To in rigar ta yage fa?"

Dakta ya ce, "Kawu, tambayar nan taka ita ce aikinmu gaba ɗaya."

Abin da ya biyo baya shi ne ya sa na zauna rubuta wannan labari, don ni da na yi zaton na san aikin abokina, ashe ban sani ba. Ya ce duk dattin da ake tsoro a nukiliya a cikin ƙwayar nan yake haihuwa, kuma in rigar ta riƙe, a nan zai mutu. Amma ba wanda zai yarda da maganar mai ƙera ta, kuma lissafi a takarda ba ya wadatarwa. Dole a sa ta cikin wutar gaske. Akwai tukwane na musamman da ba sa ba da lantarki ko na ƙwai ɗaya, aikinsu kawai su yi wa abu ruwan niyutiron, ƙananan ƙwayoyin nan da ke fita in yuraniyom ya tsage. A Idaho ta Amurka, daga ƙarshen 2006 zuwa ƙarshen 2009, an sa ƙwaya wajen 300,000 a irin wannan tukunya, an matse su cikin 'yan sanduna 72 masu kamar gutsuren alli. Duka-duka ba za su cika kofin mai shayi ba. Shekara uku ana gadinsu dare da rana.

Liman ya tambaya ta yaya ake sanin halin da suke ciki, tunda ba a leƙawa. Dakta ya ce da hanci. Ana hura iska a hankali ta bi ta kansu ta fito, na'ura tana sansanarta. Da ƙwaya ɗaya za ta fashe, iskar da ta tara a cikinta za ta fito, na'urar ta kama. Ko zafin wurin da iskar ake daidaita shi: hiliyam na kwashe zafi da sauri, wata iska mai suna niyon kuwa ba ta yi, sai a riƙa sirka su kamar mai sirka ruwan wanka. Aka ƙone kusan kashi ɗaya cikin biyar na yuraniyom ɗin da ke wasu sandunan, kuma har aka sauke ba a ji ko ɗaya ta fashe ba.

Wani tsoho da bai ce komai ba tun ɗazu ya ce ai wannan gwajin iri ne. Shi ma kafin damina yakan ƙirga gyaɗa ɗari ya shimfiɗa a jiƙaƙƙen buhu, in tamanin sun tsiro ya shuka, in ba su kai ba ya nemi wani irin. Dakta ya ce haka ne Baba, sai dai su ba a yafe musu ashirin cikin ɗari, ko ɗaya cikin dubu ma magana ce.

Kuma ba a nan ake tsayawa ba. In an fito da su, ba mai iya kusantarsu, sai a kai su wani ɗaki mai katangar kankare da kaurinta ya kai mita guda, ma'aikaci yana waje yana leƙe ta gilashi mai kauri, yana sarrafa hannuwan ƙarfe. A nan ake sa su a tanderu a kwaikwayi ranar da ba a fata, ranar da iskar sanyaya tukunya za ta ɗauke. Digiri 1,600, wasu har 1,800, na tsawon awa 300, wato kwana goma sha biyu da rabi cikin zafin da ya wuce na narkar da ƙarfe. A 1,600 kusan duka suka riƙe, a 1,800 aka fara samun ɗaiɗaikun da rigarsu ta uku ta gaza. Ya ce akwai kuma wani ɓarawo da gwajin ya tabbatar: wata irin azurfa da ake haifa a cikin ƙwayar tana iya ratsa ganuwar ta fita ko da ba ta tsage ba, don haka dole mai gina tasha ya yi tanadinta. Liman ya gyaɗa kai ya ce hanyar lafiya a bi ta da shekara. Kawu kuwa ya ɓare furar, ya tsince irin alayyafon, ya miƙa wa yaron ya ce a dama.

A shagon samarin gidan aka yi mini shimfiɗa, tabarma da 'yar katifa. Mu mutanen birni muna cewa muna sanyi, amma ban san sanyi ba sai daren nan. Iska ta Sahara ba gini ko ɗaya da ya tare ta, ta ƙarƙashin ƙyaure take shigowa da yashinta. Na sa riguna biyun da na zo da su, na naɗe da bargo, duk da haka da asuba da na taɓa ruwan buta sai da na yi tunanin taimama.

Da hantsi aka yi addu'ar bakwai, aka raba waina da gumba, jama'a suka fara watsewa. Bayan azahar Dakta ya ce in zo mu miƙe ƙafa, gidan ya yi masa nauyi. Muka bi ta bayan gari har wani fili mai baƙar ƙasa da toka, inda wata tsohuwa mai ginin tukwane ke kwashe gashin da ta yi tun asuba. Iya yake ce mata, ta goya shi yana jariri. Ta yi masa gaisuwa, ta share hawaye da bakin mayafi, ta koma kan aikinta.

Na tsaya ina kallo. Takan jawo tulu daga cikin toka, ta hure shi, ta ɗora a tafin hagu, ta ƙwanƙwasa da ƙashin yatsa. In ya yi ƙara mai tsawo kamar ƙararrawa, ta aje dama. In ya yi wata 'yar murya gajera kamar mai mura, ta aje hagu, ko da ido bai ga tsaga ba. Na ɗauki ɗaya daga na hagun na duba ciki da waje, lafiya lau na gan shi. Ta ce, "Ɗan nan, zuba masa ruwa ka kwana, ka ga inda za ka tashi." Cikin talatin da wani abu, huɗu ta ware.

Dakta ya ce mini wutar Iya ta kara da kashin shanu takan kai tsakanin digiri 600 da 900, wato daidai da zafin iskar da ke fita daga tukunyarsu. Sannan ya ce shi fa ainihin aikinsa ba a kan ƙwayar makamashi yake ba, a kan jikin tukunyar ne, tubalan girafait da ke kewaye da wutar. Zafi kaɗai ba ya damun girafait, yana wuce digiri 3,000 bai narke ba. Niyutiron ne matsalarsa. Suna dukan ƙwayoyin zarrarsa suna tuge su daga mazauninsu, har kowace ɗaya sai an tashe ta sau da yawa kafin tasha ta tsufa. Abin mamakin, da farko tubalin tsukewa yake yi, yana ta raguwa shekara da shekaru, sai wata rana ya juya ya fara kumbura, ƙarfinsa na lalacewa. Lokacin wannan juyin shi ake nema, don tubalan da ke can ciki ba a sauya su cikin sauƙi, wasu ma har tashar ta mutu. Sai a yanka 'yan gutsattsari da ba su fi gurjiya ba, a auna tsawonsu da nauyinsu, a kai su tukunyar gwaji kamar ta Petten da ke bakin teku a Holan, wadda ke aiki tun 1961, a yi musu dukan shekaru masu yawa cikin 'yan shekaru kaɗan, a fito da su a sake aunawa ta bayan gilashi.

Iya tana ji ashe. Ta ce, "Kai ma kana ƙwanƙwasawa?" Dakta ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce wallahi Iya muna yi. Suna aika sauti ta cikin gutsuren da na'ura, su auna saurin fitarsa ta ɗaya gefen, daga nan su san ko cikinsa ya yi tauri ko ya fara rubewa. Ta ce to ashe ba ka yi nisa ba.

Ta ce amma yumɓu ba ɗaya ba ne, na kududdufin gabas sai ta ƙara masa dakakken tsingaro, in ba haka ba ya fashe a wuta, na fadama kuwa ba ruwansa. Dakta ya ce nasu ma haka, kowane girafait da halin gawayin man da aka yi shi da shi, kuma irin da aka gwada a shekarun baya wasu an daina yin su, shi ya sa aka koma gwaji daga farko. Da ta nuna mana cewa huɗun da suka lalace duk daga gefen da iska ke bugowa suke, inda wuta ta fi ci, sai ya ba ni labarin tukunyar Jamus ta garin Yulik, wadda ta yi aiki daga 1967 zuwa 1988. A shekarun 1980 aka jefa mata wasu ƙwallaye da aka ɓoye wa 'yan wayoyi a ciki, kowace waya da zafin da take narkewa. Da suka fito ta ƙasa aka buɗe, sai aka ga wasu wuraren sun fi abin da aka lissafa zafi da digiri 200 ko fiye. Kusan shekara ashirin tana aiki, masu ita ba su san haka cikinta yake ba.

Da dare, mu biyu a zaure, na faɗa masa abin da ke raina. Na ce Dakta, ni cikin minti ashirin na haska gidan nan. Kai abin da kake gwadawa ko jikokinmu ban tabbata za su gani ba. Ya ce ba ya musu, garin nan sola ce maganinsa, ko shi aka tambaya abin da zai ce ke nan. Amma ya ce in tambayi Kawu me ya fi ci masa tuwo a ƙwarya, duhu ko kuɗin taki. Takin zamani da iskar haidurojin ake yin sa, kuma masana'antu irin wannan zafi suke ci dare da rana, ba hasken ƙwai ba. Don irin wannan aiki ake son tukunya mai zafi sosai.

Ya ce in dubi tsawon hanyar. Jamus ta kunna tata a 1967. Afirka ta Kudu ta yi shekaru tana zuba kuɗi a irin wannan, ta haƙura a 2010. Sin ta kunna ƙaramar ta gwaji a 2000, amma da ta zo gina babba ba ta ce ai mun iya ba, sai ta ɗauki ƙwallo biyar ta kai Petten, suka zauna a wuta daga 2012 zuwa ƙarshen 2014, sannan aka wuce da su Jamus aka gasa. Sai a Disambar 2023 tashar Shidao da ke lardin Shandon ta fara aikin kasuwanci, megawat 210. A shekarar ne kuma suka kashe mata na'urorin sanyaya da gangan, tana tsakiyar aiki, suka naɗe hannu, ta huce da kanta. Ya ce ba jarumta ce ta sa suka yi haka ba, sun riga sun san abin da ƙwayar za ta iya ɗauka.

Na ce to mu fa? Ga yuraniyom nan a Arlit ta Nijar, arewa da mu, a ƙasar da in ka yi tafiyar awa guda daga nan ka shiga cikinta. Ga maganar gina tashar nukiliya a Geregu ta jihar Kogi da Itu ta jihar Akwa Ibom da muke ji shekara da shekaru. Ya ce muna da tukunya ɗaya a Zariya, a cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello, tun 2004, ƙirar Sin, a 2018 aka sauya mata makamashi zuwa marar ƙarfi. A can ya fara ganin abin da idonsa. Tana da amfani wajen gano abin da ke cikin ƙasa da ma'adinai da abinci, da koyar da ɗalibai. Amma ƙarfinta wajen kilowat 30 ne, ta Petten megawat 45, ninki 1,500 ke nan. Gutsuren da zai nuna a can cikin shekara biyu, a Zariya sai mai gwajin ya mutu ya bar wa magada.

Sai ya juyo da maganar kaina. Ya nuna batir ɗin da na kawo, ya ce lambar da ke jikinsa, wa ya gwada ta? Na yi shiru. Gaskiya ita ce ba wanda ya gwada. Kwantena ke zuwa, mu buɗe, mu karanta abin da aka buga a kwali, mu faɗa wa mai saye kamar mun gani da ido. Na taɓa sayen batir hamsin da aka rubuta musu 200, wata shida ba su yi ba suka fara dawowa a kumbure, da muka fasa ɗaya muka tarar da rabin cikinsa ba komai sai abin ƙara nauyi. Mai saye shi ne ɗakin gwajinmu, da kuɗinsa kuma. Wannan na gidan na san shi, irinsa nake amfani da shi shekara uku, na faɗa masa haka. Ya ce to ka ga, kai ma shekara uku ka yi.

Har yanzu ina nan kan ra'ayina cewa masu yi mana alkawarin tashar nukiliya sun ɗinka riga kafin a haifi yaro. Ƙasar da ba ta iya tantance batir a bakin tashar jirgin ruwa ba, ban ga yadda za ta ƙirga ƙwaya 300,000 ba. Da na faɗa masa haka bai yi gardama ba, ya dai ce mutanen da za su iya akwai su, ya zauna aji da su, yawancinsu yanzu suna inda yake.

Juma'a da sassafe na yi sallama. Kawu ya sa aka ɗaura mini kwano biyu na riɗi da ƙullin zoɓo, Iya kuma ta aiko da tulu ɗaya daga na hannun dama. Ɗan acaɓan da ya kawo ni shi ya dawo ɗaukata, ya dubi tulun ya ce Alhaji wancan karon faranti, yau kuma wannan. A Gumel direba ya ce ba zai sa shi a but ba sai dai in ɗauki alhakinsa, don haka a cinya na riƙe shi har Kano, motocin shanu na Maigatari suna gabanmu maƙil, ƙahoni na leƙowa ta saman bodi. A shingen nan na rannan wani jami'in ne daban, ya leƙo, ya ƙwanƙwasa tulun da yatsa, ya ce wannan mai kyau ne, nawa ka saya.

Mai ɗakina ta wanke shi ta cika, kwana uku ruwan yana ƙamshin sabuwar ƙasa, gindinsa ko damshi babu. Dakta ya koma bayan mako biyu. Ya turo mini saƙo daga can cewa ya sauka lafiya, kuma gutsattsarin da yake jira tun bara an ce ba za su fito daga wuta ba sai bayan babbar salla.